An tallata mini Martini-Henry guda biyu: wacce ce ta gaske, kuma yaya zan yi da tsatsa?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa masu sha'awar tsofaffin makaman soja. Shekara biyu ke nan ina karance-karance a kan bindigogin ƙarni na 19, amma ban taɓa mallakar ko ɗaya ba, sai yanzu da wani dillali ya ajiye mini bindigogi biyu ƙirar Martini-Henry, ya ce in zaɓi wadda ta kwanta mini a rai kafin wata ya ƙare. Da yake ba a cinikin biri a sama, na je na gan su da idona, na ɗauka na jujjuya, na kuma rubuta duk abin da na iya karantawa a jikinsu.

Ta farko fes take, ƙarfenta yana sheƙi, katakonta sumul babu ko ƙwarzane. A gefen dama na akwatin ƙarfen da ke tsakiyarta akwai kambin sarauta, a ƙarƙashinsa haruffan V.R., sai kalmar ENFIELD, sai shekarar 1904. Na lura haruffan ba su zauna a kan layi ɗaya ba, wani ya ɗan hau wani ya ɗan sauka, amma dillalin ya ce haka aikin mutanen da yake. Ta biyu kuwa baƙa ce wuluk, katakon ya sha maiƙo har yana manne wa hannu, akwai jan tsatsa kusa da bakinta, kuma libar da ake ja a buɗe ta ta fi ta waccan tsawo nesa ba kusa ba. Shekarar da ke jikinta 1887 ce, da alamar IV a ƙasa. A katakon gindinta akwai wani zagayayyen hatimi da ya kusa shafewa, da wasu haruffa da ba na boko ba, waɗanda suke kamar a rataye a ƙarƙashin layi. Dillalin ya rantse cewa da wannan baƙar aka yi yaƙin Zulu.

Zuciyata ta fi karkata ga mai sheƙin, don ita ce za ta yi kyau a bango. Idan kuma kun ce baƙar ce, shin zan iya sa samfefa in goge ƙarfen da katakon su koma kamar sababbi? Kuma akwai haɗari idan na nemi harsashinta na gwada harbi ko sau ɗaya ne?

Tsohon Mai Tarawa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi dabara da ka rubuto abin da ke jikin bindigogin maimakon abin da ya fito daga bakin dillali, domin rubutun nan ya riga ya yanke hukunci tun kafin mu ce komai.

Haruffan V.R. suna nufin Sarauniya Victoria, ita kuwa ta rasu ranar 22 ga Janairun 1901. Duk makamin da gwamnatin Birtaniya ta buga wa hatimi a 1904, haruffan E.R. na ɗanta Sarki Edward na Bakwai zai ɗauka, kuma masana'antar gwamnati da ke Enfield ba za ta shekara uku tana buga sunan mamaciya bisa kuskure ba. Wannan kaɗai ya isa. Ga kuma karkatar haruffan da ka gani, wadda ke nuna cewa ɗaya bayan ɗaya aka bi su da guduma, alhali rubutun bindigar gwamnati a shirye yake tsaf, tazararsa daidai. Abin da aka nuna maka, kusan babu tantama, aikin maƙeran yankin Khyber ne, a kan iyakar Pakistan da Afghanistan, inda garuruwa irin su Darra Adam Khel suka daɗe suna kwaikwayon makaman Turawa da zarto da guduma. Suna kwafar rubutun ne a matsayin ado, ba don sun damu da abin da yake faɗa ba, shi ya sa ake samun harafin N a juye cikin ENFIELD, ko shekarar da ba ta dace da mai sarauta ba. Kyan da ka gani kyan ɗan maciji ne.

Baƙar kuwa duk siffofin da ka zayyana sun yi daidai da samfuri na huɗu, wanda alamar IV ɗin ke nufi. Sojan Birtaniya ya karɓi Martini-Henry a 1871, sunanta kuma haɗin gambiza ne: Friedrich von Martini, mutumin Suwizalan, shi ya gyara tsarin buɗewa da rufewa, Alexander Henry na Sikotilan kuma shi ne mai tsarin tsagar cikin bututu. Samfurori uku na farko duk gajeriyar liba gare su. Matsalar da aka sha fama da ita ita ce kwanson harsashin farko, wanda da siririn fallen tagulla ake naɗe shi, idan bindiga ta yi zafi ga ƙura ta shiga sai ya maƙale ya ƙi fita, kuma sojoji sun ɗanɗana kuɗarsu a kan haka a yaƙe-yaƙen Sudan, musamman a Abu Klea a 1885. Doguwar libar da ka gani an yi ta ne don hannu ya samu ƙarfin fizgo kwanson da ya maƙale. Saboda haka libar da shekarar 1887 suna gaskata juna, kuma irin wannan jituwa tsakanin sassa ita ce abin da mai tarawa yake nema. Ka leƙa cikin bututun da tocila, ya kamata ka ga tsaga bakwai suna murɗawa. Ka kuma nemi 'yar alamar nan mai kama da kan kibiya mai layi uku, wadda Birtaniya ke bugawa a kan kayan gwamnati, tare da ƙananan hatiman masu duba aiki, kambi a sama lamba a ƙasa, a warwatse a kan bututu da sauran sassa.

Amma maganar yaƙin Zulu ka bar masa kayarsa. A yaƙin nan an gwabza a Isandlwana ranar 22 ga Janairun 1879, aka shiga faɗan Rorke's Drift da yammacin ranar, wato shekara takwas kafin a buga wa wannan bindiga hatimi. Ban ce lalle dillalin maƙaryaci ne ba, wataƙila shi ma haka aka gaya masa, sai dai kada ka biya ko sisi saboda labarin da ƙarfen da kansa ya ƙaryata.

Haruffan da suke a rataye a ƙarƙashin layi rubutun Devanagari ne, wanda ake amfani da shi a Indiya da Nepal. Birtaniya ta tura irin waɗannan bindigogi da yawa rumbunan makamanta na Indiya, daga can wasu suka wuce Nepal. A 2003 wani kamfanin Amurka ya sayi tarin makaman da suka yi shekara da shekaru a jibge a tsohon gidan Lagan Silekhana da ke Kathmandu, bindigogi fiye da dubu hamsin, kuma yawancinsu haka suka fito, baƙaƙe, cikin daskararren maiƙo da ƙura. Ina kyautata zaton taka daga cikinsu take. Sai dai a cikin tarin akwai waɗanda a Nepal ɗin aka ƙera, irin su Gahendra, masu kama da Martini a ido amma cikinsu daban, don haka hatiman Enfield ɗin nan su ne shaidarka.

Maƙerin Zaure ya amsa:

Malam ya gama da batun asali, ni zan tsaya a kan samfefa, domin da na karanta kalmar sai da gabana ya faɗi. Don Allah ɗan'uwa kada ka kusanci bindigar nan da ita. Abin da kake shirin yi shi ne ainihin gyaran gangar Auzinawa.

Na san haka ne domin na taɓa yi. Farkon shigata wannan harka na samu wata Snider-Enfield, wato tsohuwar Enfield ta 1853 mai ɗurin baki wadda aka yanke bayanta aka sa mata ƙofa tun daga 1866 don ta riƙa cin harsashi ta baya. Katakon ya yi duhu, ni kuma ina ji da ƙuruciya da ƙarfin hannu, na kwana biyu ina gurza har ya yi fari tas, na shafa masa fenti mai ƙyalli. Da na kai wa wani dattijo da ya daɗe a harkar, sai ya karkata gindin zuwa hasken taga, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan lotsawa da bai fi girman kwabo ba, ya ce nan hatimin rumbun makamai yake, kuma da na bar shi da mun san inda bindigar ta yi aiki. Bai ƙara cewa komai ba, ya miƙo mini ita. Har yau tana wurina, kuma ba na nuna wa kowa.

Zagayayyen hatimin da ka ce ya kusa shafewa zurfinsa bai kai kaurin farce ba, shafa biyu na samfefa sun ishe shi. Haka ma ƙarfen: duhun da ya yi na shekaru fiye da ɗari kariya ne, kuma masu tarawa suna biyan kuɗi dominsa. Abin da ake yaƙa shi ne jan tsatsa mai rai, wanda yake barin gari a yatsa idan an shafa, domin shi yana ci gaba da cin ƙarfe. Ka ɗiga masa mai marar kauri ka bar shi ya kwana, sannan ka kankare a hankali da gefen wani ɗan guntun tagulla, wanda ya fi ƙarfe taushi, ba zai yi masa rauni ba. Ka goge da tsumma, ka sake ɗiga mai, ka maimaita har garin ya daina fita. Katakon kuma tsumma mai laushi da haƙuri sun isa su ɗebe dattin sama, ba tare da an jiƙa shi da ruwa ba. Bayan haka ka shafa kaki siriri a ƙarfen. Wanda gidajen tarihi suka fi amfani da shi shi ne Renaissance Wax, da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya. Idan za ka kwance wani abu, to sai da sukudireban da bakinsa ya cika tsagar kusar daidai, domin kan kusa da aka tauna shi ne abu na farko da idon masani ke faɗawa a kai. Kada kuma ka adana ta cikin kube na fata ko akwati mai soso, dukansu suna riƙe laima. A bar ta inda iska ke ratsawa, danshin ɗakin ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, a riƙa ɗaukarta da safar hannu saboda gishirin gumi.

Game da harbi, amsata ita ce a'a, sai maƙerin bindiga ƙwararre ya kwance ta ya duba bututun a ƙarƙashin katako, inda tsatsa ke ɓuya ta yi ramuka ba a gani. An ƙera Martini-Henry ne don baƙin albarushi mai hayaƙi, wanda ke tura curin dalma mai nauyin kusan giram 31. Albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙira a Faransa a 1884 aka fara amfani da shi a bindigar Lebel ta 1886, matsin da yake haifarwa daban ne, kuma wanda ya ɗura shi da ka a tsohon ƙarfe yana wasa da idonsa da yatsunsa. Mai sheƙin kuwa, ko wane irin albarushi ne kada a harba ta, don babu wanda ya san daga irin ƙarfen da aka ƙera ta, kuma ba ta taɓa shiga gidan gwaji ba. Bindigogin Turai na gaske ana gwada su da ɗuri mai ƙarfi fiye da ƙima kafin a buga musu hatimi, aikin da gidan gwaji na Birmingham yake yi tun 1813.

Ƙari ɗaya, tun da na san ba za ka tsaya a kan guda ba. Ranar da ka sayi mai ɗurin baki, irin su Brown Bess mai tashi da dutsen ƙanƙara ko Enfield ta 1853, ka ɗauka a ɗure take. Ka zura sandar ɗurinta cikin bututu har ta tsaya, ka yi alama, ka fito da ita ka auna ta waje. Idan ba ta kai ramin da wuta ke shiga ba, akwai abu a ciki, kuma baƙin albarushi da ya zauna a bushe yana iya tashi bayan shekara ɗari.

Malama Mai Kundi ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne doka, kuma a ganina ita ya kamata a fara tambaya kafin a miƙa kuɗi, domin kalmar "tsohuwar bindiga" ma'anarta a bakin mai tarawa daban, a bakin alƙali daban, kuma kowace ƙasa da inda ta ja nata layin.

A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, ko da yake jihohi suna da nasu ƙarin sharuɗɗan. Wannan layi yana haifar da abin mamaki: akwai bindigogin Mosin-Nagant da Finland ta sake haɗawa a lokacin yaƙin duniya na biyu a kan tsofaffin akwatunan ƙarfe na Rasha, idan aka kwance aka ga shekarar da ke ƙarƙashin wutsiyar akwatin ta gaza 1899, doka tana lissafa bindigar a tsohuwa ko da bututunta na 1942 ne. Birtaniya kuma wata hanya ta bi. Ƙa'idojinta na 2021 sun ce sai an ƙera bindigar kafin 1 ga Satumban 1939, kuma harsashinta yana cikin jerin waɗanda aka daina yayi, ko tsarin tashinta na da ne, sannan a riƙe ta don ado ko sha'awa kawai. Harsashin Martini-Henry na asali, .577/450, yana cikin jerin, amma waɗanda aka sauya musu bututu suka koma cin harsashin .303 ba sa ciki, sai da lasisi. Kuma ranar da mutum ya yi niyyar harba ta, rangwamen ya faɗi. Akwai kuma ƙasashen da dokarsu ba ta san wani bambanci tsakanin tsohuwa da sabuwa ba, bindiga bindiga ce. Don haka ka je wurin hukumar da ke ba da lasisi a inda kake, ka tambaya a rubuce, ka adana amsar. Ka lura kuma cewa jabun yana iya jefa ka cikin matsalar da ta gasken ba za ta jefa ka ba, tun da babu mai iya tabbatar da shekarar da aka ƙera shi.

Sai batun takarda. Ka sa dillalin ya rubuta maka rasit mai ɗauke da samfuri, da lambar bindigar, da shekararta, da inda ya samo ta. Idan ya yarda da labarin Zulu, ka ce ya rubuta shi ya sa hannu, za ka ga yadda murya ke sauyawa. Kai ma ka buɗe kundi tun daga wannan ta farko, ka ɗauki hoton kowane hatimi da haske daga gefe kafin ka taɓa komai, ka rubuta abin da ka shafa mata da ranar da ka shafa. Magadanka za su gode maka, haka ma wanda zai saya bayanka.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Na koma jiya da tocila da gilashin ƙara girma. Harafin N na mai sheƙin a juye yake kamar yadda Malam ya faɗa, kuma wallahi sau uku na karanta kalmar a zuwan farko ban gani ba. Baƙar kuwa na ƙirga tsaga bakwai, na ga kan kibiyar a wurare huɗu. Na ajiye maganar samfefa, na kuma rubuta wa hukuma kamar yadda Malama ta ce, ba zan karɓa ba sai amsa ta zo. Abin da ya rage mini shi ne, lambar da ke kan bututu ba ta yi daidai da wata lamba da na gani a jikin libar ba. Wannan aibi ne babba?

Tsohon Mai Tarawa ya sake amsawa:

Ba babba ba ne a irin wannan bindiga, kuma a nan nake ɗan saɓa wa abokaina da suka mayar da daidaiton lambobi tamkar farilla. Asalin wannan ɗabi'a daga masu tara makaman Jamus ne, domin Jamusawa sun kasance suna buga lambar bindiga, ko lambobi biyun ƙarshe, a kan kusan kowane ƙaramin sashe na Mauser, har da kusoshi, saboda haka a wurinsu sashe ɗaya baƙo yana rage daraja sosai. Amma bindigar da ta yi shekaru tana yawo tsakanin rumbunan Indiya da Nepal ta sha hannun maƙeran soja, su kuwa abin da ya dame su shi ne ta yi aiki, idan liba ta lalace sai su ciro ta wata su sa. Ka duba ko launin libar da irin cin da shekaru suka yi mata sun yi daidai da na sauran ƙarfen. Idan sun yi, to tun zamanin aikinta aka sauya, kuma wannan yana cikin tarihinta. Wanda nake gudu shi ne lambar da aka goge aka sake bugawa jiya don a yaudari mai saye, ana gane ta da ɗan kwarin da gugar ta bari da kuma kaifin bakin lambobin.

Kusan kowace tsohuwar bindigar soja tana ɗauke da irin wannan tabo. Mauser ɗin da Tarayyar Sobiyet ta ƙwace daga Jamus an wargaza su an sake haɗawa, aka rubuta sababbin lambobi da alƙalamin lantarki. Arisaka ta Japan kuma mafi yawansu an gurje furen sarki mai ganye 16 da ke kansu bayan miƙa wuya a 1945, har ya zama wadda furenta ke nan ita ce abin nema. Ni dai na fi son mai tabon da zan iya bayani a kansa a kan mai tsabtar da ban san dalilinta ba.

Tun da da Martini ka fara, shawarata ka zauna a gidan Birtaniya na ɗan lokaci maimakon ka yi ta tsince-tsince. Daga Enfield ta 1853 zuwa Snider, zuwa Martini, zuwa Lee-Metford ta 1888, bindigogi huɗu ne kacal, amma a jere suna nuna yadda soja ya tashi daga ɗurin baki ya kai ga magazin, wato ma'ajiyar harsasai a jikin bindiga, cikin shekara 35, kuma hatimansu dangin juna ne, abin da ka koya a ɗaya zai yi maka aiki a sauran. Idan ka samu hali ka ga na gidan makaman tarihi na Leeds a Ingila, ko hotunan tarinsu a intanet, don idonka ya saba da yadda rubutun gaske yake zama a kan ƙarfe.

Kafin nan, ka ɗauko mana hoton zagayayyen hatimin gindin, ka kashe fitilar ɗaki ka haska tocila daga gefe ƙasa-ƙasa yadda inuwa za ta faɗa cikin haruffan. Idan na rumbun makaman Rawalpindi ne ko na Allahabad, ko rabin kalmar ya fito za mu gane.